Akushin Kaka Ba Ya Dawowa da Saura

Wani mai mashin ne ya kauce wa taɓo a bakin layinmu, a nan Funtua, ya bi ta kan wasu 'yan tsirrai da suka fito a gindin katanga, ya wuce abinsa. Ni ina tafe a bayansa da sandata, zan je sallar la'asar. Sai warin ya tare ni, ɗanyen wari mai gafi, wanda ba za ka kira shi ƙamshi ba, ba kuwa za ka toshe masa hanci ba. Na tsaya cak. Tafasa ce. Na sunkuya da ƙyar na tsinko ganye na murza, na kai hanci. Da na ɗago, wallahi ba katangar bulo na gani ba. Dangar karan gidanmu na gani, da kakata a tsugune tana hura wuta.

Na yi yawon duniya gwargwadon hali. Na fara da yaron mota, na zama direba, daga baya na koma fataucin goro da fata. Na zauna Kumasi har bakina ya kama harshen mutanen can. Na yi shekaru a Garwa ina ciniki da Fillanci da ɗan Faransancin tasha. Na gangara Abeshe da Nyala har Omdurman, inda Larabci ya zame mini dole. Duk inda na sauka na ci abincin mutane, kuma kusan duk inda na sauka tsiya iri ɗaya aka yi mini. Sai su ce, ai ku Hausawa abincinku guda ne, tuwo jiya, tuwo yau, miyar kuka a kai. Wani abokina a Kumasi, ranar da matarsa ta jera mana miyar gyaɗa da ta kwakwar manja da ta ganyen gwaza, ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, ci ka ƙoshi, in ka koma gida sai baƙar miya." Dariya kawai na yi. Me zan ce masa? Wanda bai taɓa zama ciyayyar ƙofar gidanmu ba, ko na rantse masa ba zai yarda ba.

Ƙauyenmu yana can gefen Tsiga. A wancan zamani magidanci ba ya cin tuwon dare shi kaɗai a ɗaka. Da an idar da magariba, kowane gida a unguwarmu zai fito da akushinsa ƙofar zauren kakana, wanda mu jikoki muke ce wa Tsoho. A shimfiɗa tabarma da buzu, a jera akusa a tsakiya, a riƙa ɗaga faifai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a na kowa. Wannan ita ce ciyayya. Akwai Tsoho da mahaifina, akwai liman, akwai wani maƙeri mai bakin tsiya, sai sauran dattawa da duk baƙon da yamma ta yi masa a garin. Mu yara maza muna gefe da namu ƙwaryar, idanunmu kuwa suna kan na manya.

Abin da mazan ba su cika tunawa ba shi ne, ba haka kawai akusan nan suke fitowa kowanne da irin nasa ba. Aikin Kaka ne. Kowace safiya, kafin rana ta ɗaga, sai ta je jikin danga ta yi gyaran murya, matan maƙwabta su leƙo, ta yi musu rabon girki. "Gidan liman, jiya kun yi kuka, yau ku yi taushe, na ga kabewarku ta nuna. Ke matar maƙeri, kuɓewarki ta isa tsinka, kada ki bari ta yi ƙashi. Mu nan karkashi za mu yi." Dokarta ba ta da yawa. Miya ɗaya ba ta fitowa daga gida biyu a rana guda, kuma abin da gida ya fitar jiya ba ya sake fitar da shi yau. In aka raba wa mace abin da ba ta da shi, sai ka ga ƙoƙo ya tsallaka danga, da ɗan wake ko ɗan man shanu ko dunƙulen daddawa. Ta haka gidan da rumbunsa ya yi ƙasa ba ya jin kunya a ƙofar zaure, domin babu mai sanin daga ina abin ya fito.

Ni da abinci na fara sanin watanni, tun kafin in san sunayensu. In bazara ta yi zafi, ɗinya ta yi toho, to lokacin kwaɗon ɗinkin ne, da yaɗiya da ake warwarowa daga jikin ƙaya. Ruwa na sauka, ga gasaya, ga rukuɓu, ga lalo mai yauƙi. Damina na yin nisa, ga rama da yakuwa da ɗanyar kuɓewa, ga faten tsaki mai tsami da ake sha har gumi ya karyo. Lokacin girbi gida ya cika: rizga da tumuku da gwaza a tukunya, dafaffiyar gurjiya, dambun sabon gero da zogale, faten acca, tuwon shinkafar fadama ranar Juma'a. Da sanyi a koma ɗan wake da safe, da tubani, da gauda a naɗe cikin ganyen kalgo, da burabusko, da wasa-wasa. Da rani kuwa, lokacin da daji ya bushe ƙayau, sai Kaka ta shiga ɗakinta ta riƙa sauke tulunan da ta jera a kan juna, kowanne da busasshen ganyen da ta shanya tun damina. Ko tuwon ma ba ɗaya ba ne. Na dawa daban, na maiwa daban, na masara sai jefi-jefi, domin a lokacin masara 'yar bayan gida ce, ba ta zama sarauniyar gonaki ba tukuna. An ce tuwo ba a sake masa suna. Gaskiya ne, amma a gidanmu kullum ana sake masa riga.

Rabin wannan arziki ba shuka shi ake yi ba. Shi ke fitowa da kansa a tsakanin kunyoyin dawa da auduga. Shi ya sa a wurinmu noma ba sara kawai ba ne. Ranar da aka fara ba ni fartanya, abin da Tsoho ya fara koya mini ba yadda ake cire ciyawa ba ne, yadda ake barin ta ne. Ya nuna mini gasaya, ya nuna mini lalo da karkashi, ya ce, "Waɗannan na mata ne, kewaye su. Fartanyar da ba ta da ido, mai ita shi ke shan miyar ruwa." In ɗan ƙodago ya zo daga wani gari ya share gona fes, ba yabo yake samu ba. Kaka kan tsaya a bakin gonar ta riƙe haɓa, ta ce, "Wannan bawan Allah ya nome mana tukunya."

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan an gama ci, wanda shi ne ainihin labarin da nake son ba ka. In akusa suka koma cikin gida, mata ba sa tambayar kowa ko girki ya yi daɗi. Faifai kawai suke ɗagawa. Akushin da ya dawo a suɗe ya yi magana, wanda ya dawo da saura shi ma ya yi magana, kuma kafin gari ya waye maganar ta tsallaka danga. Mu yara addu'armu kullum a bar saura, domin mu ke suɗi. Mata kuwa addu'arsu kada a bari. Na sha suɗin gidan liman, na sha na gidan maƙeri har na gaji. Amma ban taɓa samun ko loma a akushin Kaka ba. In na yi ƙorafi sai ta harare ni, da yake wasan jika da kaka ne tsakaninmu, ta ce, "Ji maigidana! Miji ba cefane, sai ɗaga faifai."

A lokacin da nake ba ka labarinsa Kaka ta tsufa, girkin gida yana hannun mahaifiyata. Amma ta riƙe wani ɗan murhu a gefen ɗakinta, inda take girka akushin Tsoho kaɗai, wanda ake fita da shi ciyayya. Al'adar wurinmu ita ce, tsohuwa tana riƙe da murhunta muddin akushinta yana dawowa wayam. Ranar da ya fara dawowa da saura, sai 'ya'yanta maza su shigo da safe, su durƙusa, su gaishe ta da ladabi, su ce, "Inna, ki huta haka nan." Ba a musu, ba a kuma komawa. Kaka ta ga yadda aka yi wa uwar mijinta. Ta ga mace mai kazar-kazar ta koma zaman inuwa tana jiran abin da za a miƙo mata, har ta daina sanin ranar kasuwa. Takan ce, tsohuwar da aka ce ta huta, likkafaninta aka shimfiɗa mata ta zauna a kai. Ba ta tsoron mutuwa kamar yadda take tsoron wannan gaisuwar ta safe.

Wadda ta fara gane idon Kaka ya soma tafiya ba 'yar gidanmu ba ce. Wata tsohuwa ce daga gidajen Maguzawa da ke ƙetaren rafi, ƙawarta tun suna 'yan mata. Duk ranar kasuwa takan biyo da daddawar batso, ta 'ya'yan yakuwa, ta karɓi gabu, busasshen ganyen albasa, su zauna su yi ta zolayar juna, ita tana ce wa Kaka Malama, Kaka tana ce mata mai batso. Rannan ina kusa ina kankarar ƙanzo, ta miƙo wa Kaka ƙoƙo, Kaka ta miƙa hannu ta kama iska.

Tsohuwar ta dube ta, sannan ta ce, "Malama, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Na miƙo ta dama, kin tara ta hagu."

"Hayaƙi ne."

"Wane irin hayaƙi ne wannan, da ba ya fita ko an kashe wuta? Ki bari in riƙa tsinko miki ganye in zan shigo gari. Babu mai ji."

Kaka ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan hannun wata bai tsinkar mini ganye ba. In kuwa kika buɗe baki, na bar sayen batsonki mai warin ƙafa."

Suka yi dariya su biyun, amma tsohuwar ba ta ƙara zolayarta ba har ta tafi. Daga ranar na lura Kaka ta koma aiki da yatsu da hanci. Takan shafa ganye, ta murza, ta shinshina. Ta ajiye kowane abu a wurinsa, in ka taɓa mata ko ludayi sai ta yi faɗa kamar ka kashe mutum. Kuma akushinta ya ci gaba da dawowa a suɗe, har aka shiga marka.

Ka san marka a ƙasarmu. Ruwa ba ya ɗaukewa, itace ya jiƙe, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Lokacin ne ganye ke riƙe gida. Ran wata Alhamis Kaka ta raba wa kanta kwaɗon tafasa, wanda duk unguwar an sallama mata a kansa. Ta ɗauki ƙwarya ta fita bayan gari, wurin da shanu suka taɓa kwana, inda tafasa ke fitowa baƙa ƙirin don ƙoshi. To, a irin wurin nan akwai wani tsiro da ke cuɗanya da ita, rai-ɗore. Mai ido ba ya ruɗewa, domin ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, na rai-ɗore kuwa da tsini. Amma in suna ƙanana, a jiƙe da ruwa, yatsa ba ya rabewa. Hancin da zai raba mata su kuwa mura ta toshe shi. Ga shi tana azumin Alhamis, ba halin ta ɗanɗana. Ta dafa, ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono, ta yanka albasa, ta kwaɗa, ta yaryaɗa mai, ta rufe da faifai. Ta ɗebi kaɗan a ƙoƙo ta ajiye wa kanta na buɗa baki.

A ƙofar zaure, maƙeri ne kullum ke fara kai hannu akushin Kaka. Ya ɗebo ya kai baki. Na ga fuskarsa ta tattare kamar tsohuwar jaka. Ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, sai idonsa ya haɗu da na Tsoho, wanda shi ma ya riga ya kai tasa lomar. Ban san abin da ya gani a idon ba, amma ya haɗiye lomar da maganar gaba ɗaya.

Tsoho ya miƙa hannu ya jawo akushin, ya ajiye shi tsakanin gwiwoyinsa. Ya ce, "Yau wannan nawa ne ni kaɗai. Na gaji da ciyar da ƙarti da girkin matata. Kowa ya ci na gidansu."

Maƙeri ya ce, "Haba Malam, rowa da tsufa?"

"Da tsufa ta fi daɗi."

Mahaifina, da ya fahimci akwai wani abu, ya matso ya ce a hankali, "Baba, bari in taya ka."

Tsoho ya ce, "Ka taya ni aurenta ne?"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta wuce leɓe. Ba halin a zubar, domin ba a zubar da abinci a wurinmu, ga kuma idanun yara, abin da muka gani da magariba kafin isha'i ya zaga gidaje. Sai Tsoho ya ci. A hankali ya ci, loma bayan loma, yana hira da liman a kan ruwan bana kamar babu komai. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin marka. Akushin da aka girka don dattawa da yawa, shi kaɗai ya tashi da shi. Ya sa yatsa ya suɗe, ya sha ruwa, ya yi hamdala da ƙarfi yadda za a ji a cikin gida. Da aka tashi na faki ido na lashi bakin akushin, don in ji abin da ya sa Tsoho rowa. Sassaƙen maɗaci bai fi shi ɗaci ba. Na tofar, na rasa gane yadda mutum zai cinye wannan yana murmushi.

Abin da Tsoho bai sani ba shi ne, Kaka ta riga shi sani. Da ta sha ruwa ta yi salla, ta jawo ɗan ƙoƙonta ta kai loma ɗaya. Mahaifiyata ta ce tun daga nan ba ta ƙara motsi ba. Ta zauna a bakin murhu tana jiran akushinta ya dawo a cike, tana jiran abin da zai biyo bayansa da safe. Sai aka miƙo mata shi. Ta ɗaga faifai, ta zura hannu, ta shafa cikinsa tun daga baki har gindi. Wayam. Ta sake shafawa. Ta rungume shi a cinya, ta daɗe a haka.

Washegari Tsoho bai fita gona ba. Ya wuni yana zagayawa bayan gida har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinsa. Kaka ta dama masa kunu mai ruwa-ruwa, ta lallaɓo da bango ta kawo masa, ta zauna daga gefe. Iyayenmu na da ba sa hira a gaban yara, amma rannan kamar sun manta da mu.

Ta ce, "Malam, yaya ka ji kwaɗon jiya?"

Ya ce, "Ya yi. Gishiri ne ya ɗan yi kaɗan."

"Gishiri." Ta jinjina kai. "Da furfurarka."

"To me kike so in ce?"

"Da ka dawo mini da abina."

"Da na dawo da shi, da yanzu 'ya'yanki sun gama durƙuso."

Ta matso masa da kunun. Sannan ta ce, "Jiya rai-ɗore ne, ya tsaya a ciwon ciki. Gobe in na haɗo da zaƙami fa? Haka za ka jawo akushi gabanka ka cinye, ka ce gishiri ya yi kaɗan. Mutumin da zai ce akwai ɗaci, ko makauniya ta iya yi masa girki. Kai ba a iyawa."

Tsoho ya juya fuskarsa bango.

Ba ta jira kowa ya zo ya ce mata ta huta ba. Da yamma ta durƙusa ta mirgina duwatsun murhunta ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin danga, ta share tokar da hannunta. Ta kira mahaifiyata ta miƙa mata akushin da maburgi. Mahaifiyata ta fashe da kuka ta ce, "Inna, ni in riƙa tsince miki ganyen, ke ki girka." Kaka ta ce, "Yau ganye ne, gobe kanwa ce a madadin gishiri. Karɓi, 'yar nan, hannuna ya gaji." Abin da Tsoho ya ci don ya tsare mata murhunta, cin nasa ne ya raba ta da shi. Na tsufa ina juya wannan a raina, har yau ban san wanda ya fi wani gaskiya a cikinsu ba.

Ta ci gaba da zuwa jikin danga da safe na ɗan lokaci. Amma rabon girki aikin ido ne. Sai ka ga kabewar wa ta nuna, kuɓewar wa ta isa, rumbun wa ya yi ƙasa. Ta fara raba wa mata abin da babu, su amsa da to don girmamawa, su je su yi abin da ya sawwaƙa. Mahaifiyata ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma ita suruka ce, ba ta da bakin da za ta umarci matar liman. Wata magariba aka ɗaga faifai na farko, kuka. Na biyu, kuka. Har na ƙarshe. Maƙeri ya ce, "To, yau kam 'yan uwa ɗaya ne suka haɗu zumunci." Babu wanda ya yi dariya. Tsoho ya yi 'yan lomomi ya wanke hannu. Tun daga ciwon nan cinsa bai koma daidai ba, kuma bai ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙansa.

Kaka ta daɗe bayansa, cikin duhu. Takan zauna a inuwar zogale, in an ɗora tukunya ta ɗaga hanci ta ce an cika kanwa, ko daddawar ba ta daku ba. Wani lokaci ta riƙa jero sunayen ganyaye ita kaɗai, kamar mai kiran 'ya'yan da suka yi nisa. Mahaifiyata ta kama abin da ta kama. Yayata ta kama rabin na mahaifiyata. Ranar da zan bi mota in bar gari, na durƙusa gabanta ta shafa kaina, ta ce, "Maigidana, za ka gudu ka bar ni ba cefane. Je ka, Allah ya tsare. Duk inda ka sauka ka ci na mutane, kada ka raina. Amma in da ɗaci, ka faɗa." Ina Kumasi labarin rasuwarta ya same ni.

Abin mamaki, tafasar nan ta riƙa bi na duk inda na je. A Garwa na same ta a miya, suna ce mata tasɓa. A Nyala na ga mata suna daka ta su rufe a tulu cikin ƙasa har ta ruɓa, su shanya, su ce mata kawal, su sa a miya kamar yadda muke sa daddawa. Na ci duka, na yaba, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma kowace loma sai ta tuna mini da akushin da ban taɓa samun suɗinsa ba sai ranar da ya yi ɗaci.

Da na dawo gida na zauna, na tarar masara ta cinye gonaki tun daga Funtua har Malumfashi, har Dandume. Ana samun buhuna yadda kakanninmu ba su taɓa mafarki ba, ba zan yi butulci ba. Amma fartanya mai ido ta tafi. Yanzu yaro ne zai goya tulun feshi ya bi kunya-kunya, kuma maganin ciyawa bai san na mata ba. Gasaya da lalo da karkashi duk ciyawa ce a wurinsa. Ciyayya ma ta watse, kowa ya shige ɗakinsa da kwanonsa ya turo ƙofa. A gidan ɗana, inda nake zaune, shinkafa ce da taliya suke karɓa-karɓa, sai tuwon masara, kuma duk miyar ɗanɗanonta ɗaya, na ɗan dunƙulen nan na kanti. Ban ga laifin surukata ba. Tana koyarwa a makaranta, ta dawo a gaje, ga tsadar gawayi, ga yara ba sa son abin da ba su saba ba. Da me za ta yi, kuma wa ya nuna mata?

Bara ni ma hayaƙin nan ya sauko mini. Ɗana ya kai ni asibiti, suka ce yanar ido ce. Da hantsi aka shiga da ni, kafin azahar an cire, da aka kwance bandeji na ga har jijiyar ganye. Na zauna a bakin gado na yi ta hawaye, ma'aikaciyar jinya tana ce mini, "Baba, ai an yi nasara." Ban iya gaya mata cewa wata tsohuwa nake yi wa kuka ba, wadda ta mirgine duwatsun murhunta saboda abin da ake cirewa tsakanin hantsi da azahar.

To, rannan da mai mashin ya taka tafasar, da na dawo daga masallaci sai na tsuguna a gindin katangar na tsinki wadda ta tsira. Na duba kowane ganye da sabon idona, duk bakinsu a zagaye. Na cika aljihun rigata na kai gida. Jikokina suka yi ta dariya, wai Alhaji ya kawo wa akuya tsaraba. Surukata ta kore su, ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Baba, ban taɓa yi ba, amma zan gwada." Yarinyar kirki ce. Ta sayo ƙuli-ƙuli, ta dafa, ta kwaɗa, ta kawo mini a kwanon tangaran da murfinsa.

Babu ɗaci. Amma ba shi ba ne. Wani abu ya yi yawa, wani abu babu, gafin bai fita ba. Na zauna ni kaɗai a ƙofar ɗakina, ba liman, ba maƙeri, na ci a hankali har na ga gindin kwanon, na sa yatsa na suɗe.

Ta zo ɗaukar kwano, ta ɗaga murfi, na ga fuskarta ta washe. Ta ce, "Baba, ya yi kuwa?"

Maganar Kaka ta faɗo mini, na buɗe baki zan faɗa. Amma in na ce bai yi ba, za ta tambaye ni me za a gyara, ni kuwa ban sani ba. Na san sunan ganyen nan a harsunan ƙasashe, na san ɗanɗanonsa ko cikin barci, amma ban san sau nawa ake zubar da ruwansa ba, ban san me ake fara sawa ba. Ci kawai na iya. Waɗanda suka sani suna kwance a maƙabartar ƙauyen da yanzu hanyarsa ma ba ta biyuwa.

Tana tsaye tana jira, da kwano a hannu. Sai na ji bakina ya ce, "Ya yi, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Gishiri ne ya ɗan yi kaɗan."